Jan Zane Daga Saman Bene

Na san abin da ku 'ya'yana kuke faɗa a bayan idona game da jan zanen nan. Bilkisu ta gaya mini wani sashe, sauran kuma na karanta a fuskar Nura ranar da ya shigo da baƙinsa ya tarar da ni a tsakar gida ina shanya zanen mace, matar kuwa, Innarku, ta daɗe da komawa ga Mahaliccinta. Ban ji haushi ba. Da ni ne a matsayinku, da na ce tsufa ya fara taɓa tsohon nan. To ba ruɗewa ba ce, ba kuma camfi ba ne, Allah ya tsare ni. Zan faɗa muku yadda abin ya faro, sai dai ku yi haƙuri in bi da ku ta cikin benen da na ƙarar da ƙarfina a kansa, domin wanda bai san benen ba, ba zai gane zanen ba.

Kun san shi, dogon benen nan mai hawa takwas da ke Gyadi-Gyadi, wanda yanzu tagoginsa na sama suke a wangale kamar bakin da haƙora suka zube. Ba haka na same shi ba. Lokacin da aka ɗauke ni aikin kula da shi ina sabon ango, ɗan ƙauye da bai wuce firamare ba, sai ɗan abin da na tsinta a wurin masu haɗa wuta da masu gyaran famfo. Ranar farko da na shiga, takalmina na cire a bakin ƙofa, har maigadi ya yi mini dariya. Ƙasan yana sheƙi, ƙamshin fenti bai gama fita ba, kowane famfo ka murɗa sai ruwa ya zubo da ƙarfinsa. Hawa huɗu na ƙasa ofisoshi ne, huɗu na sama gidajen haya. Akwai lifta biyu gefe da gefe, kowace da madubi a ciki da ƙaramar fanka. Maigadin nan, Iro, Bazazzagi ne mai bakin tsiya, shi ya raɗa musu suna Hassana da Usaina, sunan kuwa ya bi su har manyan ma'aikata masu ɗaure wuya haka suke kiransu. Aikina shi ne in tayar da injin da ke tura ruwa daga ƙasa zuwa babban tankin da ke can ƙololuwa, in zaga hawa-hawa ina sauraron inda ke ɗiga, in shafa wa injin lifta mai, in share indararon rufi kafin damina ta faɗi, in kuma amsa kiran duk wanda banɗakinsa ya toshe. Bene irin wannan kamar jikin mutum yake. In ruwa bai kai kansa ba, babu gaɓar da za ta samu.

Masu benen ba a Kano suke zaune ba, ban taɓa sanya su a ido ba. Wakilinsu muke gani, wanda muke ce wa Manaja, mutum ne mai fara'a da ba ya faɗa da kowa, ba ya kuma sayen komai. Duk abin da ka kai masa, amsarsa ɗaya ce, a lallaɓa. Wata rana kan famfo ya karye a hawa na biyu, ofishin wani lauya mai yawan ƙorafi. A lokacin kuwa ɗan hayan wani sashe a hawa na takwas ya tashi, wurin yana kulle. Manaja ya miƙo mini makulli.

"Je ka kwanto na sama ka ɗaura masa. In sabo ya zo sai a mayar."

Na je na kwanto. Aiki ya yi kyau, lauya ya yi shiru, Manaja ya yaba mini, ni kuma kaina ya kumbura. Sabo bai zo ba. Da wani ya zo duba sashen nan na sama don ya kama haya, ya ga banɗaki babu famfo, ya juya. Tunda wurin ya ci gaba da zama a kulle, sai ya zama nan ne ma'ajiyarmu. Ƙwan fitila ya mutu a ƙasa, a hau sama. Mariƙin ƙofa ya karye, a hau sama. Gilashin taga, makunnin wuta, murfin masai, har ƙofa sukutum na taɓa saukowa da ita a ka. Da muka cinye hawa na takwas sai muka gangaro na bakwai. Haka Usaina ta tafi. Ta tsaya ne saboda wani ɗan ƙaramin abu da bai fi tafin hannu ba, aka ce a jira injiniya. Kafin injiniya ya zo Hassana ta nemi wani abu, muka buɗe cikin Usaina muka ciro mata. Daga ranar Usaina ba ta ƙara motsi ba, ta zama abincin 'yar'uwarta.

Iro yana zaune a bencinsa yana kallona ina wucewa da kayan da na kwanto, ba ya barina in wuce salin-alin.

"Bakano ke nan. Ko masallaci aka ba ku tsaro sai kun buɗe kasuwar 'yan gwangwan a ciki."

"Kai da aka ba ka gadi kake barci, wa ya ce ka yi magana?"

"Ni barcina bai taɓa cire wa gida ƙofa ba. Ka ci gaba, watarana za ka zo ka kwance ni ka ɗaura a hawa na biyu."

Muna dariya, amma dokar gidan ta zauna a kaina daram, kuma ina so ku riƙe ta, domin ita ce ta zo ta ci ni: a benen nan duk abin da ya tsaya, ko na kwana biyu ne, ya zama nama. Ba wanda ya rubuta ta, ba wanda ya faɗe ta da baki, amma ni na fi kowa saninta, tunda hannuna ne wuƙar.

Yanzu bari in dawo kan Innarku. A makon farko da na fara aiki, na tsaya a gefen tanki ina kallon gari, kaina yana juyawa. Na ga Titin Zariya ya miƙe, motoci kamar ƙwari, na ga rufin gidaje har iyakar ganina. Sai na shiga neman namu a Unguwar Gano. Da ƙyar na gano shi, ta dalilin hasumiyar masallacin layinmu da darbejiyar maƙwabcinmu. Da na koma gida na ba ta labari, ta ƙi yarda.

"Malam, ka dai ga wani gidan. Gidaje nawa ne a Kano?"

"Namu na gani, Asabe. Har bakin rijiya."

"To gobe da azahar ka duba. In ka faɗa mini abin da ka gani, na yarda."

Washegari na hau na duba. A tsakar gidanmu wani jan abu yana kaɗawa, ƙarami ƙwarai, amma ja wur, babu irinsa a duk unguwar. Zanen da ke cikin lefenta ne, wanda ta ce ya cika ja ba za ta iya fita da shi ba. Na cire hulata na ɗaga sama ina kaɗawa kamar wani yaro. Da yamma tun daga zaure na ce mata jan zane, har hula na ɗaga mata. Ta rufe baki tana dariya, ta ce ai ita ma ta gan ni, na ɗaga hula.

Daga nan ya zama al'adarmu. In rana ta take, na hau duba tanki, sai in waiwaya gida. Jan zane a igiya yana nufin kowa lafiya, abinci ya sauka. In aiki ya yi sauƙi in hau kekena in je in ci, in bai yi ba in ɗaga hula in koma bakin aiki da kwanciyar rai. Ranar da na duba ban ga zane ba, ban san lokacin da na sauko daga benen ba, ko lifta ban jira ba. Na isa gida na tarar mata sun cika ɗaki, ranar aka haifi babbanku. Ko da wayar hannu ta zo, kowa ya samu, na saya mata, ba ta daina ba. Ta ce waya kuɗi take ci, zane kuwa iska kawai yake ci. Kuma kusan kullum, tana zuba mini ruwan wanke hannu, sai ta ce, "Yau ma na gan ka."

Abu ɗaya ta roƙe ni a duk zamanmu, ban da abin da ya zama dole na gida. Ta ce tana so watarana in kai ta saman benen nan ta ga yadda zanenta yake daga can. Ta fara faɗa tun tana amarya. Na ce sai ta haihu. Ta haihu, na ce sai yaro ya yi ƙwari. Daga baya na ce Manaja ba ya son baƙi, alhali Manaja bai san wanda ya shiga ko ya fita ba. Na san kuna zaton kulle ne ya sa na hana ta, kun ɗauke ni mai tsauri. Ba haka ba ne, abin ya fi haka ƙanƙanta. Kullum da dare ina ba ta labarin benen kamar yadda na same shi ranar farko, da sheƙinsa da madubansa, ina ba ta labarin kaina kamar wani injiniya. Ban so ta zo ta ji ana ƙwala mini kira daga taga ana cewa kai mai gyara, masai ya cika. Ban so lifta ta buɗe mata a hawa na takwas ta ga ramuka a bango inda na ciro makunnai, da kashin tantabaru a inda dā kafet yake. Kullum ina ce wa raina, bari a gyara saman tukuna, sai in kai ta ta gan shi da kyansa. Ni da nake kwance shi da hannuna, ni ne nake jiran a gyara.

A shekarar da nake son ba ku labari, ƙafafunta suka fara kumbura tun sanyi bai wuce ba. Daga ɗaki zuwa madafa sai ta tsaya ta dafa bango. Likita ya ce zuciya ce, ya ba da magunguna, ya hana ta gishiri da wahala. Duk sauranku kun yi aure ko kuna wajen aiki, Bilkisu kaɗai ke gabanmu. Wata rana da bazara ta tsananta, muna zaune a inuwa bayan la'asar, ta dube ni ba tare da wasan da ta saba ba.

"Malam, zancen benen nan. In za ka kai ni, ka kai ni bana."

Ban tambaye ta dalilin da ya sa ta ce bana ba. Na ce ranar Juma'a mai zuwa, bayan an sauko daga masallaci, lokacin ofisoshi sun watse. A makon nan na yi aikin da ban yi ba a shekaru. Na share hawa na takwas daga bakin lifta har matakalar da ke fita rufi, na kankare kashin tantabaru, na toshe ramukan bango da siminti, na goge madubin Hassana har Iro ya ce ko zance zan je a ciki. Na hau da kujerar roba na ajiye a inuwar tanki, daidai inda ake hango gida.

Ranar Laraba da safe na danna injin ruwa, ya yi wata ƙara, wari ya tashi. Ba injin ne ya ƙone ba, wani ɗan akwati ne baƙi da ke ba shi wuta, masu aikin wuta suna ce masa kwantakta. Na zaga Sabon Gari shago-shago, kowa ya juya shi a hannu sai ya ce wannan tsohon yayi ne, sai dai a aiko daga Legas. Manaja ya ce zai yi waya, a lallaɓa. Kafin azahar tanki ya ƙafe. Muka gwada hawa da jarkoki a lifta, amma jarka nawa za ta ishi bene mai hawa takwas a tsakiyar bazara? Ruwan ma yana zuba yana gangarawa ramin lifta inda wayoyi suke. Zuwa Alhamis wari ya fara fitowa daga banɗakunan ofisoshi. A hawa na biyar kuwa akwai matar wani malamin makaranta da ta haihu ko suna ba a yi ba, mahaifiyarta ta zo daga ƙauye tana yi mata wankan jego. Tsohuwar nan ta sauko da kanta ta same ni a ɗakin inji. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

"Ɗan nan, an ce kai ne mai ruwan gidan nan. Yarinyar nan jiya ba ta yi wanka ba, yau ma ga rana tana yi. Ɗanyen jiki ne. Ka taimaka mana don Allah."

Na san inda irin akwatin nan yake. Tun ranar Laraba na sani, ina ta kauce wa tunanin. Na Usaina mun daɗe da cinye shi. Saura ɗaya tak a duk benen, yana can sama a ɗakin injin lifta, a ƙirjin Hassana.

Na hau kekena na tafi gida da rana tsaka. Zanen yana kan igiya. Na same ta a kan tabarma ta miƙe ƙafafu, Bilkisu tana shafa mata man zafi. Na zauna na faɗa mata komai, har zancen tsohuwar. Ina fata a raina ta ce a'a, ta ce alkawari alkawari ne, in samu abin fakewa.

"Mai jego ce fa," in ji ta. "Me kake jira har ka taho nan?"

"In na cire, lifta ta tsaya."

"In sabon ya zo ba sai ka mayar ba? Ni da na jira tun ina amarya, mako biyu ne zai gagare ni?"

Kalmar Manaja ce ta fito daga bakinta, ita ba ta sani ba. Ni na sani. A nan ne ya kamata in ce mata, tashi mu tafi yanzu, a tsayar da mai adaidaita, in hau da ke ki gani, in sauko da ke, sannan in cire. Awa ɗaya ba za ta kashe kowa ba. Wallahi tunanin ya zo mini. Amma ta ce ba ta yi kitso ba, ba ta yi lalle ba, ita ba za ta je wurin aikin mijinta haka ba, ni kuma na karɓi wannan uzurin da sauri domin na saba karɓa. Na koma, na hau da Hassana har sama, tafiyarta ta ƙarshe, na kashe wuta, na sa sukundireba. Kafin la'asar ruwa yana zuba a kowane hawa. Na sauko ta matakala. Iro ya dube ni, ya dubi ƙofar liftar, a ranar bai yi tsiya ba.

Sabon bai zo a mako biyu ba, bai zo a wata ba. Na yi ta bin Manaja har ya fara sauya hanya in ya hango ni. Ana nan sai ga wani mutum da takarda daga Manaja, wai akwai wani benen masu gidan da liftarsa ke neman injin buɗe ƙofa, tunda tamu a tsaye take a ba shi aro. Na tsaya a gabansa na ce ba za a taɓa ba. Ya kira Manaja a waya, Manaja ya ce mini cikin fara'arsa, "Haba Malam, aro ne." Aka cire. Bayan wannan ban ƙara samun bakin hanawa ba. Fankar cikinta ma ni na cire da hannuna na ɗaura a ɗakin gadi, da zafi ya kusa kashe Iro.

Innarku ba ta ƙara tambayata ba. Sai wata Juma'a, gab da faɗuwar damina, ina zaune da Iro bayan masallaci, adaidaita ta tsaya a bakin ƙofa. Bilkisu ta fito, ta juya tana taimaka wa wata ta sauko. Innarku ce, ta sha lalle hannu da ƙafa, ta sa mayafinta na zuwa biki. Iro ya miƙe tsaye har yana tuntuɓe da benci.

"Hajiya, sannu da zuwa. Ashe dai da gaske yana da mata. Mu mun ɗauka tankin nan ya aura."

"Ai kishiyar tawa na zo gani, Malam Iro," in ji ta.

Na ce mata lifta ba ta aiki. Ta ce ta sani, ai ba ga matakala ba. Na ce likita ya hana. Ta ce likita bai san abin da ta baro a kan igiya ba. Muka fara hawa, ni a dama, Bilkisu a hagu, Iro yana biye da kujera. Duk 'yan matakai sai ta tsaya, ta riƙe ƙarfe, numfashinta yana fita da wani sauti da har yau nake ji. A hawa na biyu ta zauna ta huta, ta ce a ci gaba. A hawa na uku ta zauna a kan matakala, leɓunanta sun sauya launi, ta girgiza kai. Iro ya ce bari ya kira masu wankin mota biyu, a ɗora ta a kujera a hau da ita, ba wani abu ba ne.

"A'a, Malam Iro. Ranar da maza za su ɗauke ni a kafaɗa tana zuwa. Ba yau ba."

Bilkisu ta kai ta bakin tagar da ke ƙarshen baranda, ko za a dace. Babu abin da ake gani daga nan sai bayan wani gini da kan bishiyoyi. Innarku ta dawo ta zauna a kujera, tana kallon barandar hawa na uku, fitilu duk suna ci, ƙofofi da mariƙansu, ga famfon alwala yana sheƙi a lungu. Duk kayan sama ne da na sauko da su.

"Ashe ba ƙarya kake yi mini ba," in ji ta. "Gidan yana da kyau. To hau ka dubo mini. Ina nan."

Na hau ni kaɗai. Na wuce na biyar, ana jin kukan jaririn nan da ƙarar ruwa a bokiti. Na wuce na bakwai da na takwas da ramukan da na toshe don ita. Kujerar robar tana nan a inuwar tanki, ƙura ta rufe ta. Na tsaya inda na saba tsayawa. Ga shi can yana kaɗawa a gidan da babu kowa a ciki. Hannuna ya tafi kan hula da kansa, sai na tuna mai ganin tana ƙarƙashina. Na daɗe kafin in iya saukowa.

"Yaya yake?" ta tambaye ni.

"Kamar jan barkono guda ɗaya a kan faifai."

"Ƙarami haka?"

"Ƙarami. Amma duk Unguwar Gano shi ake fara gani."

Ta yi murmushi, ta ce to ya isa, a kai ta gida.

Ta rasu damina tana tsakiya, kun san wannan, kuna wurin. Abin da ba ku sani ba shi ne abin da ya faru bayan an share makoki, gida ya watse. Na fito tsakar gida da azahar, ban koma aiki ba tukuna, na tsaya a bakin igiyar shanya, daidai inda ƙafafunta suka sa ƙasa ta lotsa. Na ɗaga kai wajen Gyadi-Gyadi. A duk shekarun nan ban taɓa tsayawa a wurin a wannan lokacin ba, tunda kullum ina can. Katangar maƙwabci ta tare benen gaba ɗaya. Abin da ya leƙo ta samanta kan tanki ne kawai, baƙi, bai fi girman murfin kwalba ba. Na matsa dama, na matsa hagu, na yi ɗage. Ko raƙumi ne ya tsaya a gefen tankin nan ba za a gan shi ba, balle mutum, balle hula. Na kira Bilkisu.

"Daga ina Innarku take hango ni?"

Ta murza bakin mayafinta.

"Baba, ba a ganin kowa. Mu ma muna yara mun sha dubawa, har kan turmi muke hawa. Ita dai in ta shanya sai ta ɗan tsaya tana kallon wajen, ta ce, to, ya ɗaga hula, sannan ta koma madafa."

Na ƙara 'yan shekaru a benen kafin gwiwoyina su ƙi matakala. Yanzu an kulle daga hawa na shida zuwa sama, na ji an ce wanda ya gaje ni ya fara kwance na biyar. Hassana da Usaina suna nan a tsaye, an jingina allon talla a ƙofarsu. Iro ya koma Zariya wurin 'ya'yansa. Ba wanda yake hawa rufin nan da azahar, na sani sarai, ba sai kun tuna mini ba.

Shi ya sa da aka zo rabon kayanta na ce ku ɗauki komai ku bar mini wannan, shi ya sa kuma ban yarda a ba da shi sadaka ba. Ya koɗe, ba ja wur ba ne yanzu, gefensa ɗaya Bilkisu ta sha ɗinkewa. In na mutu ku yi yadda kuka ga dama da shi. Amma muddin ina iya fitowa tsakar gida, in rana ta take zan shanya shi. Ita ta yi shekaru tana tsayawa a wurin nan tana amsa wa mutumin da ba ta gani. Nakan tsaya inda ta tsaya, in dubi kan tankin, in roƙa mata gafara da rahama, in roƙa wa kaina. Sannan in ce, to, ta gani, in koma ɗaki.